Zance a Bakin Igiya

Masu karatu, ina yi muku sallama. Kafin ku ji a bakin wani, gara ku ji a nawa: ni Balki ɗiyar Ma'azu, an taɓa sa ni cikin kayan da aka hana fita da su daga gari, tare da tabarmi da igiya da hatsi. Ku yi dariyarku, ni dai a lokacin ba dariya nake ba. Ina budurwa, ƙasarmu ba ta wuce shekara biyu da samun 'yancin kai ba, kuma an riga an tsaida aurena bayan kaka.

Sunan garinmu Tudun Anza, can arewa da Tawa, in ka bar hanyar Afala kamar za ka Takanamat. Sana'armu saƙar tabarma da tufkar igiya. Tun zamanin kakanni muna cikin wani zumunci da ake kira Kasuwa Huɗu. Akwai mu, akwai Koren Kaba inda muke samun kaba, akwai Jan Dutsi garin maginan tukwane da mahauta, sai Zangon Manzo inda raƙuman gishiri da kanwa ke sauka, goro da yadi kuma su iso daga Tawa. Kasuwa zagayawa take, kowane gari da ranarsa. Tiya ɗaya ake awo da ita. Mutumin gari ɗaya ba ya biyan ko tamma in ya kasa kaya a kasuwar ɗayan. Har limamin da ke ɗaura mana aure ɗaya ne, a Jan Dutsi yake zaune, yana zagayawa bisa jakinsa.

Babana shi ne Sarkin Kasuwar Tudun Anza. Maigarinmu ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, duk abin da aka faɗa masa sai ya ce madalla. Don haka abin da Baba ya ce, shi gari ya ce.

Wanda zan aura kuwa Almustafa ne, ɗan Sarki Manzo na Zango. Dogo, mai wushirya, mai magana a hankali kamar yana auna ta da tiya. Shuɗiyar taguwarsa kullum tana bar masa baƙin shuni a wuya. Shi ke kai wa ubansa raƙuma Tawa ya dawo da kaya. Ranar kasuwarmu yakan tsaya gaban tabarmin Inna yana tayawa har la'asar, bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Inna ce ta fara ganewa, ta ce, "Yaron ga ba tabarma yake taya ba."

Rigimar ta fara ne a taron sarakunan kasuwa huɗu, wanda ake yi bayan Babbar Salla. Baba ya nemi a ɗaga kuɗin tabarma, kuma wallahi yana da gaskiya. Inna takan kwashe kwanaki tana saƙa, yatsunta duk sun tsage, a ƙarshe tabarmar ba ta sayen ɓarin gishiri. Sarakuna suka yi dariya suka wuce maganar. Da aka zo rabon nama, tozon da ya kamata a ba Baba a shekarar aka miƙa wa Sarkin Jan Dutsi. Har yau ban san wanne ya fi yi masa ciwo ba, tabarmar ko tozon.

Ya dawo gida fuska a murtuke, ya tarar da Kawu Yunusu a zaure. Kawu ƙanen Inna ne, bai daɗe da dawowa daga cin rani a Kumasi ba. Ya zo da rediyo, da baƙin tabarau, da usur, da wata hular ɗan sanda da ya saya a gwanjo. Kullum shi da Baba suna sauraron labarai da Faransanci. Babu mai jin Faransanci a cikinsu, amma Kawu yana fassarawa.

"Sarki, ka ji abin da mutumin ga ya ce? Ya ce duk wanda anka raina, shi hita."

"Haka ya ce?"

"Da bakinshi. Ƙasashe duka sun ƙwaci kansu. Mu mi ya hana mu?"

Ina bayan zana ina tankaɗe, duk a kunnena.

Washegari mai shela ya zaga gari da ganga: Tudun Anza ta fita daga Kasuwa Huɗu. Aka faɗa wa Maigari, ya ce madalla. Aka ɗaure igiya tsakanin itacen aduwa biyu a bakin hanya, aka naɗa Kawu shugaban duwan, wato mai karɓar harajin kaya. Da aka rasa tuta, Kawu ya shigo ɗakin Inna ya zari zanen saƙi mai ratsin ja da aka ajiye cikin kayan aurena, ya ɗaura a gora. Zanen da ko gwada shi ban yi ba, jama'a, na gan shi yana kaɗawa a sama, awaki suna kallo.

Ranar kasuwarmu ta farko bayan 'yanci, na ci ado. Na sa rigata mai ruwan ƙwai, na ɗaura kallabi, na zizara tozali, na sa awarwaron azurfa na Inna. Muka kasa tabarmi. Maƙwabciyarmu ta kasa tabarmi. Ta gaba da ita ma tabarmi. Maza suka jera igiya da hatsi. Muka zauna muna kallon juna har rana ta take. Babu ƙaurin tsire, babu kukan raƙumi, babu mai cewa albarka. Can Baba ya ga abin ya yi yawa, ya sayi tabarma a hannun maƙwabciyarmu, mijinta kuma ya sayi ɗaya a hannun Inna. Da yamma mai shela ya sanar cewa kasuwa ta ci lafiya.

Bayan la'asar sai ga Fatimata, Bafillatanar da ke kawo mana nono. Ita kaɗai ke tsallake igiya yadda ta ga dama, don Kawu yana tsoron bakinta. Ta sauke ƙwarya ta ce mini a kunne, "Mai wushirya shina bakin igiya. Ya ce ko a daka kike, ki bar taɓarya."

Na isa na tarar da shi tsaye riƙe da akalar raƙumi, Kawu ya sa tabarau yana zagaya shi.

"Mi ke cikin jakar ga?"

"Kawu, dabino ne da goro na kawo ma Balki."

"Nan babu Kawu, sai Shef. Cikin kowane abu biyu da ya shigo, ɗaya na duwan ne."

Almustafa ya dube ni, ya dubi Kawu. Sai ya durƙusar da raƙumi, ya shimfiɗa buzu a can gefensa na igiya ya zauna. Ni ma na zauna a nawa gefen. Igiya tana tsakaninmu daidai hanci.

"In na miƙo mata da hannu fa?"

"Ya shigo."

"In na jefa?"

"Ya shigo ta sama."

"In ita ta miƙo hannu?"

Kawu ya gyara tabarau. "Hannun ɗiyar gari ne, shina iya hita. Amma in ya komo da kaya, kaya sun shigo."

"To in ta miƙo kai ta ci a nan wajena?"

Wannan ta ɗaure wa Kawu kai. Kafin ya gama shawara da hularsa, na sunkuya ta ƙarƙashin igiya, gangar jikina a Tudun Anza, bakina a ƙasar waje, na cinye dabinon nan tas. Kunya kamar ta kashe ni, amma daɗinsa har yau yana bakina. Almustafa yana ta danne dariya. Da zai tashi, murya ƙasa ƙasa ya ce, "Balki, babana ya hasala. Ki ce ma Baba shi sassauta tun abin bai yi nisa ba."

Abin ya yi nisa. Garuruwa uku suka yi taro suka yanke cewa ba mai sayar mana, ba mai saye a wurinmu. Gishiri ya fara ƙarewa, sai kanwa. Tukunyar miyarmu ta tsage, aka liƙe ta da ƙaro, ta sake tsagewa. Baba yakan sha miyar kuka lami ya lashe hannu ya ce, "Kun ji ɗanɗanon 'yanci?" Sai Inna ta fara zuwa itace can bayan gari, ta dawo da gammo mai nauyi a ka. A cikin gammon nan gishiri yake, matan Zango ke ba ta a ɓoye. Ta gaban ƙanenta take wucewa. Ran da ya ce zai duba gammon, ta ce, "Yunusu, ni na goye ka. Taɓa ka gani." Ya hura usur ya juya baya.

A daren nan Baba ya kai loma, ya tsaya. Ya ji gishiri sarai. Ya dubi Inna, Inna ta dubi rufin ɗaki. Ya ƙara loma, ya ƙara, har ya nemi ƙari. Bai tambaya ba, ba a faɗa masa ba.

Gishiri ana ɓoye shi a gammo, amma kaba ba ta ɓoyuwa. Da tarin kabar da ke gari ya ƙare, hannun kowa ya tsaya. A nan dariya ta fara ɗaukewa. Gidan maƙwabtanmu suka ɗaure kaya bisa jakuna suka koma Koren Kaba, da ƙawata Salamatu a cikinsu, muka rabu muna kuka. Bayansu wasu gidajen suka bi. Samari suka tafi cin rani tun ba a gama girbi ba. Gari ya rabu biyu, 'yan igiya da 'yan wuƙa, wato masu son a yanke ta. A masallaci ma kowane ɓangare da gefensa. Aka kai wa Maigari ƙarar cewa gari zai watse, ya ce madalla.

Ni kuwa saƙonnina a ƙwaryar Fatimata suke zuwa.

"Ya ce ya ga wani mayafi a Tawa, ya tuna ki."

"Ki ce mai ni gishiri nike so."

"Ya ce ko kin rame?"

"Ki ce mai shi zo shi gani."

"Ya ce uban ya hana shi raƙumi."

"Ki ce mai Allah ya ba shi ƙahwa."

Da ƙafar kuwa ya zo, rana tsaka, takalminsa a hannu.

Da kaka ta yi, duk da fushin Sarki Manzo, matan gidansu suka matsa aka kawo lefe, don an riga an yi alkawari gaban mutane. Na hango su daga kan rumbu, suna guɗa, fantimoti biyu bisa raƙumi. Kawu ya tare su a igiya ya ce a buɗe. Turmin atamfa biyu, ya ɗauki ɗaya. 'Yan kunne, ya ɗauki ɗaya. Da ya zo kan takalmi ya ɗaga ƙafar hagu, gwaggon Almustafa ta fizge ta kwaɗa masa a hula. Suka rufe fantimoti suka juya, ba guɗa.

Kafin magariba saƙon Sarki Manzo ya iso: tunda an hana shigar kayan Tudun Anza garuruwa uku, amarya ma daga Tudun Anza take. Liman kuma na Kasuwa Huɗu ne, ba ya ɗaura auren wanda ya fita.

Na ɗauka Baba zai girgiza. Sai ya gyara rawani ya ce, "Sun hutar da ni. Dama ɗiyata arzikin gari ce, arzikin gari kuwa ba ya hita."

Na durƙusa gabansa, abin da ban taɓa yi ba kan maganar aurena. "Baba, ni ba tabarma ba ce."

"Wa ya ce ke tabarma ce? Kin hi tabarma daraja. Shi ya sa harajinki ya hi nata."

Na shiga ɗaki na kifa kai a cinyar Inna. Ta shafa kitsona ta ce, "Yi kukanki. Ubanki ya hau bisa, ya rasa ta inda za shi sauka. Ni na san shi, shi ma ba ya barci."

Wanda ya sauko da shi, Kawu ne, ba da niyya ba. Wata safiya motar gwamnati ta biyo hanyarmu da masu yi wa shanu allura, da gardi, wato ɗan sandan gwamnati, a gaba. Kawu ya hura usur ya tsaida ta, ya ce cikin kowace allura biyu ɗaya ta duwan ce. Gardin ya sauko a hankali, ya karɓi usur ɗin ya sa a aljihu, ya karɓi hular ya ɗora bisa tasa. Bayan kwana kaɗan ya dawo da kira: sarakunan kasuwa huɗu su bayyana a Tawa gaban mataimakin kumanda mai mulkin yankin, a zo da kayan da ake rigima a kai. Sarki Manzo, wanda da bakinsa ya hana auren, ya riga ya kai ƙara cewa mun riƙe musu amarya. Kayan dai ni ce.

Haka na fara ganin Tawa, a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Inna da buhunan albasa. Na sa zanen nan mai ratsin ja, Inna ta sauko da shi daga gora ta wanke, sai dai rana ta ci gefe ɗaya. Na ga gidajen siminti, na ga mata a kan titi da jaka a hannu, na ga gishiri tsibi tsibi a kasuwa ba mai ko kallonsa.

Mataimakin kumanda saurayi ne, da kwat da alƙalami a aljihu, Hausarsa ta Maraɗi. Ya sa aka jera sarakuna a benci. Almustafa yana tsaye bayan ubansa. Aka zaunar da ni a tsakiya bisa tabarma, kuma da gani na san saƙar garinmu ce.

"Ina kayan?"

Gardi ya nuna ni. Mataimakin ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Sarki Ma'azu, wa ya ba ka izinin kafa iyaka a cikin Jamhuriya?"

"Ranka ya daɗe, rediyo."

"Rediyon wa?"

"Na ƙanen matata."

Ya saurari kowa, har maganar tozo. Sannan ya ce iyaka ta gwamnati ce ita kaɗai, a kwance igiya kafin kasuwa mai zuwa. Amma komawa cikin Kasuwa Huɗu ba hurumin gwamnati ba ne, zumuncinsu ne, sai in sauran ukun sun yarda.

Na Koren Kaba ya yarda nan take, don kabarsa ta taru tana ruɓewa ba mai saye. Na Jan Dutsi ya yarda, don matansa sun rasa igiyar ɗaure tukwane. Sai Sarki Manzo ya yi gyaran murya.

"Na yarda, da sharaɗi. Tudun Anza ta komo, a ɗaura aure, amma ba da wanga mutum bisa kujera ba. Shi tuɓe rawani, shi ba wani."

Na dubi Baba. Rawanin nan ubansa ya bar masa, tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a waje ba tare da shi ba. Ya dube ni, ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi mini ina ƙarama in zazzaɓi ya kama ni. Sai ya kai hannu ya fara warwarewa. Da ya gama, kansa ya fito ɗan ƙarami, fari fat da furfura. Wallahi sai na ji hawaye sun zubo mini.

"Ka ce in ba wani?"

"Haka na ce."

"Kowa na ga dama?"

"Ruwanka."

Baba ya miƙe, ya wuce gaban Sarki Manzo, ya ɗora rawanin a hannun Almustafa.

"Ga sabon Sarkin Kasuwar Tudun Anza. Maigari za shi ce madalla. Sai dai sarkin kasuwa a garinshi yake zama, da matarshi, da raƙumanshi. Ɗiyata ba ta hita ba. Ango munka shigo da shi."

Mataimakin kumanda ya sa hannu ya rufe baki. Sarki Manzo ya tashi tsaye.

"Almustafa! In ka naɗa wanga tsumma, wa za shi kai mini raƙuma Tawa?"

Almustafa ya juyo wajena, a gaban sarakuna da gardi da kowa.

"Balki, in naɗa?"

Tun da aka ɗaure igiyar nan, ba wanda ya tambaye ni komai sai shi. Na ja mayafi na rufe fuska, Inna ta mintsine ni a cinya. Na ce, "Naɗa."

Ya naɗa, a karkace, kunne ɗaya a waje. Sarki Manzo ya fita yana faɗa, amma ya riga ya yi magana gaban hukuma, ba damar janyewa. Kafin mu bar Tawa aka sa ranar ɗaurin aure, kasuwarmu ta biyu mai zuwa.

A hanyar komawa ina jin kamar in tashi sama. Inna ta ja ni gefe ɗaya na kamiyo don kunyar suruki, Baba da Almustafa suna can ɗaya gefen bisa buhu. Baba ya ɗaura ƙyalle a ka saboda rana. Mun wuce Afala kaɗan sai na ga ya matsa kusa da Almustafa. Na kasa kunne.

"Yanzu da kake sarkin kasuwarmu, ka san nawa mutanen Zango ke sayen tabarma a hannunmu?"

Almustafa ya faɗi kuɗin.

"Nawa kake sai da ita in ka kai Tawa?"

Almustafa ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya kai hannu ya gyara zaman rawanin, ya tura kunnen ciki.

"Gaskiya, Baba, mutanen Zango sun daɗe suna cutarmu."

Cutarmu, jama'a. Tun bai kwana a garin ba.

"To mi ka gani?" in ji Baba.

"A taro mai zuwa za su ji daga bakina. In sunka ƙi..."

Na damƙi hannun Inna. Ita ma ta ji. Ta rufe ido ta ce, "Innalillahi. Balki, mun samu biyu."